Surfani: sana'ar rani a cikin gida

Jama'a, in kaka ta wuce, sai dogon rani. Ba kowa ke da gona a fadamar Jiratawa ba. Gidan da babu sana'a, a Tsibiri ko cikin Maraɗi, hatsin rumbu yake sayarwa don cefane, damina ta same shi da yunwa. Surfani yana rage wannan asara.

Jarinsa kaɗan ne: allura, zare, ƙyalle da fensir.

Ƴar'uwa mai koyo, ki fara da ɗinki uku. Na ɗaya, layi: allura ta nutse ta fito, tazara daidai. Na biyu, sarƙa: ki maida allura ramin da ta fito, ki fiddo ta gaba kaɗan, zare yana ƙarƙashin tsininta, ki ja a hankali. Na uku, cikewa: zare kusa da zare har fure ya cika. In kin ja da ƙarfi, ƙyalle zai tattare.

Ki yi ɗinki da rana, hasken fitila yana gajiyar da ido. Ki ɓoye allura daga yara. Wadda allura ta soke, ta wanke wurin da sabulu. In ya kumbura, ta je likita.

In hannu ya faɗa, rigar matashi da zanen gado suna da masaya a kasuwar Maraɗi, Litinin da Juma'a.