JAGORA GA MATASA MASU SHA'AWAR TUƘIN MANYAN MOTOCI: ZAƁEN WURIN KOYO DA AIKIN FARKO

Gabatarwa

Kusan duk buhun masara, wake ko albasa da ya bar kasuwannin ƙauyukanmu zuwa Kudu, a bayan babbar mota yake tafiya. Haka shanun da ake lodi a Potiskum da Maigatari, da hatsin da ke tashi daga Dawanau, da siminti da taki da man fetur da ke shigo mana. Saboda haka tuƙin babbar mota sana'a ce mai rufin asiri, kuma ba abin mamaki ba ne idan matashin da ya gama aikin damina ya ga tirela ta wuce, ya ji a ransa cewa nan abincinsa yake.

Sai dai sana'a ce da kuskure ɗaya a cikinta kan ci rayuka da dama. An shirya wannan bayani ne domin matasa da iyayensu, da kuma masu unguwanni, dagatai, kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda ake zuwa wurinsu neman shawara ko takardar shaida. Abin da muke son a fahimta shi ne, direban kirki ba a wata uku ake yin sa ba, kuma wurin da yaro ya koya da hannun da ya fara yi wa aiki su ne ke tsara yadda sauran rayuwarsa a kan hanya za ta kasance.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a shekarar 1988, ita ce ke tsara lasisin tuƙi tare da haɗin gwiwar jami'an VIO masu gwada direbobi da duba lafiyar motoci, da kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Lasisi aji-aji ne. Ajin A na babur ne, ajin B na ƙananan motocin gida, ajin F na tarakta da injinan noma, ajin H na motocin tono da ture ƙasa, sai ajin G wanda shi ne na tirela da tanka, wato motar da kai daban, bodi daban. Wanda ke riƙe da ajin B ya hau tirela, a idon doka tamkar ba shi da lasisi ne.

Batun shekaru shi ne abin da matasa da yawa ba su sani ba. Ana iya samun lasisin ƙaramar mota daga shekara 18, amma lasisin tuƙin haya da na kasuwanci sai mutum ya cika shekara 26. Ana kuma buƙatar takardar lafiya daga asibitin gwamnati, da gwajin ido, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Dole ne mai nema ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa a cibiyar lasisi. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi da hoton fasfo zai kawo lasisi har gida ba tare da an je ko'ina ba, to jabu zai kawo. Ranar da aka yi haɗari ko aka je neman aiki a kamfani, a ranar asiri zai tonu, kuma direban ne zai amsa tambaya, ba dillalin ba.

Tsakanin shekara 18 da 26 akwai shekara takwas. Kada matashi ya ɗauke su a matsayin ɓata lokaci. Su ne shekarun koyo.

Hanya ta farko: bin ubangida

Wannan ita ce tsohuwar hanyar da mafi yawan direbobinmu suka biyo. Uba kan kai ɗansa wurin direban da ya yarda da shi, yaron ya zama yaron mota. Zai fara da wanke mota, ɗaure tamfol, sa waigi a ƙarƙashin taya, duba ruwa da baƙin mai, da gadin kaya idan an kwana a hanya. Sannu a hankali a ba shi tayar da inji, da matsar da mota a tasha, da yin ribas, kafin a fara sakar masa sitiyari a inda hanya ta miƙe babu cunkoso. Bayan wasu shekaru, idan ubangida ya gamsu, sai ya yaye shi.

Alfanun wannan hanya ba ƙarami ba ne. Yaron mota yakan san hanya gaba da baya: inda gangara take, inda rami yake, inda ake kwana lafiya kamar Mararrabar Jos da Tafa, da yadda ake magana da 'yan kamasho da masu kaya. Yakan san kukan inji, ya gane matsala tun kafin ta tsayar da mota a daji. Babu makarantar da ke koyar da wannan.

Illarta kuwa ita ce, yaro kan kwashi halin ubangidansa gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Idan ubangida mai gudu ne, ko mai shan ƙwaya don kada ya yi barci, ko mai ɗora fasinja a kan kaya, to haka yaron zai tashi yana ganin daidai ne. Don haka kafin uba ya miƙa ɗansa, ya kamata ya bincika: shekara nawa mutumin ya yi yana tuƙi? Yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu? Yana ciyar da yaransa a hanya? Me shugabannin tasha ke cewa game da shi? Haka kuma bai dace a cire yaron da bai kai shekara 18 ba daga makaranta a tura shi bin mota ba. Direban yau yana buƙatar karanta alamomin hanya da takardar kaya, da lissafin mai, da cike fom.

Hanya ta biyu: makarantar koyon tuƙi

A tsarin da ake bi yanzu, ba a ba sabon direba lasisi sai ya fito daga makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita. Makarantar ce ke shigar da sunan ɗalibi a kwamfutar hukumar, ta rubuta darussa 26 da aka wajabta masa, sannan ta ba shi takardar shaida mai lamba, wadda da ita zai je gwaji wurin jami'an VIO. Ke nan ko yaro ya shekara biyar yana bin mota, sai ya bi ta wannan ƙofa.

Kafin a biya kuɗi, a je ofishin FRSC mafi kusa a tambaya ko makarantar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su. Sannan a je makarantar a gani da ido. Mafi yawan makarantun da ke garuruwanmu ƙananan motoci kawai suke da su. Idan sun ce suna koyar da tirela, a nemi ganin tirelar, da filin da ake atisaye, da lasisin malamin. A tambayi ɗalibi nawa ke hawa mota ɗaya, da minti nawa kowa ke samu a kan sitiyari. A karɓi rasit a kan kowane kuɗi. Makarantar da ta yi tayin ba da takardar shaida ba tare da halartar darasi ba, a guje ta.

Ga wanda ke son zurfafa ilimi, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya, wato NITT, wadda aka kafa a 1986, kuma tana horar da direbobi da ma'aikatan sufuri. Wasu manyan kamfanoni ma suna da makarantunsu, kamar wadda kamfanin Dangote ke da ita a Obajana ta Jihar Kogi. Haka nan Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, kuma takardarta na da amfani ga mai neman aikin direba a gwamnati ko kamfani.

Shawararmu ita ce a haɗa hanyoyin biyu: ubangida ya koyar da hanya da mota, makaranta ta koyar da doka, ta kuma buɗe ƙofar lasisi.

Abin da ya wajaba a iya kafin a ce an ƙware

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Direba ba ya tashi sai ya ga agogon iska ya cika, kuma dole ya saurara ko akwai inda take zurarewa. A gangara mai tsawo, da babbar giya ba a sauka. Ana sa ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, domin yawan taka birki na sa ya yi zafi har ya daina kamawa. Kashe inji ko sakin giya a gangara don tsimin mai ya hallaka direbobi da dama.

A kwana, tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke ta ciki, shi ya sa ake buɗewa kafin a karya. Akwai kuma wurare a gefe da bayan mota da madubi ba ya nunawa, inda mai babur zai iya shigewa direba bai gan shi ba. Ita kuwa tanka, ruwan da ke cikinta motsi yake yi, ya tura motar gaba idan an taka birki, ya kuma rinjaye ta gefe a kwana, musamman idan ba a cike take ba.

Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a hanya mai tagwayen layi. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2017 aka fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na kasuwanci.

Zaɓen aikin farko

Kuskuren da sabon direba ya fi yi shi ne duban girman mota da yawan kuɗi. Ya fi dacewa a fara da ƙaramar motar kaya ko tifa a gajeren zango, inda ake kwana a gida, sannan a koma babbar mota mai bodi ɗaya, kafin tirela. Tanka ita ce ta ƙarshe. Abin da ya faru a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda faɗuwar tankar mai da gobarar da ta biyo baya suka ci rayuka fiye da 150, da kuma na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a watan Janairun 2025, sun isa darasi. Bayan su ne aka hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodin mai daga ranar 1 ga Maris na 2025.

Aiki iri biyu ne a gaban matashi. Akwai na mai mota ɗaya ko biyu, wanda galibi ɗan gari ne. A nan akwai sanayya da sauƙin shiga, amma sau da yawa babu tsayayyen albashi, sai abin da ya rage daga kuɗin hanya. Wannan tsari shi ke tura direba ga lodi fiye da ƙima, da ɗaukar mutane a kan kaya, da tafiyar dare babu hutu. Akwai kuma na kamfani, inda ake da albashi da horo da gareji, amma dokoki na da tsanani, kuma akan cire kuɗi idan mai ko kaya sun yi giɓi. Tun 2007 akwai tsarin da ya wajabta wa duk mai motocin sufuri biyar ko fiye yin rajista da FRSC da kula da horon direbobinsa.

Ko wanne aka zaɓa, a yi waɗannan tambayoyi tun kafin a karɓi makulli:

1. Nawa ne albashi, kuma yaushe ake biya? Kuɗin hanya da na abinci daban suke?
2. Idan taya ta fashe ko inji ya lalace a hanya, wa zai biya bakanike?
3. Idan kaya sun lalace ko an sace, yaya ake raba asara?
4. Takardun mota da inshora suna da rai?
5. Idan direba ya ji rauni, wa ke ɗaukar nauyin magani?
6. Akwai direba na biyu a doguwar tafiya?

A rubuta amsoshin a takarda a gaban shaidu. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sannan direba ya zagaya motar da kansa tare da bakaniken da ya yarda da shi, ya duba taya, birki, fitilu, safaya, jak da abin kashe gobara. Mai motar da ya ce a lallaɓa da birki marar kyau a je a dawo, ba ubangidan zama ba ne. A kuma yi hattara da masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi a kamfani.

Yana da kyau sabon direba ya yi rajista da ƙungiyar da ta shafi aikinsa, kamar NURTW, ko reshen direbobin tanka na NUPENG, domin su ne kan tsaya wa ɗansu idan matsala ta taso a nesa da gida. Wanda zai ƙetara iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram ya tabbatar motar na da inshorar da ake karɓa a can.

Barci da ƙwaya

Daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita dubu. Maganin barci shi ne barci. Tiramadol da sauran ƙwayoyi ba sa kawar da gajiya, ɓoye ta suke yi, har lokacin da ido zai rufe mota na tafiya. Ban da haka, hukumar NDLEA na kama masu ta'ammali da su, kamfanoni da dama kuma na gwada masu neman aiki. Idan an yi haɗari ko an tarar da shi a hanya, a kira lambar gaggawa ta FRSC, wato 122, kyauta ne.

Kira ga shugabanni da iyaye

Muna kira ga masu unguwanni, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi da kada su sa hannu a takardar da ta ƙara wa yaro shekaru domin ya sami lasisi da wuri. Haka kuma kada a tsaya wa matashi a wurin mai mota sai an san halinsa, an kuma karanta abin da ake sa wa hannu, domin wanda ya tsaya shi za a nema idan kaya sun salwanta. Ƙananan hukumomin da ke da shirin koya wa matasa sana'a za su iya taimakawa da kuɗin makarantar tuƙi da na lasisi, su kuma gayyaci jami'an FRSC da na VIO zuwa tashoshi a ranakun kasuwa domin wayar da kai.

Su kuma iyaye, kada ɗokin ganin ɗansu a kan tirela ya sa su matsa wa ubangida ya yaye shi kafin lokaci. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.