Yaro mai kirci da ginin jikinsa

Jikin yaro gini ne da ba a gama ba, irin ginin ƙasa da ake ɗora wa tubali sahu-sahu, a bari ya sha iska, a sake ɗorawa. Fata ita ce yaɓen. Yaron da ke fama da kirci, wanda likitoci ke kira ekzima, yaɓensa ne ya tsattsage: laimar jiki na fita ta tsagar, ƙura da ƙwayoyin cuta na shiga, bayan gwiwa da lungun hannu su yi kaushi su yi duhu. Da hunturu ya kama kuwa, sai abin ya ci tura.

Iyaye sukan tambaya ko wannan zai hana yaro tsayi. A yawancin yara, a'a. Inda ake ganin tsaiko shi ne wajen wanda ciwon ya yi wa tsanani ya kuma daɗe, kuma sau da yawa ba kircin ne kaɗai mai laifin ba.

Maginin wannan gini da dare ya fi aiki. Shi ne sinadarin girma, yana fitowa ne daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma ya fi zuba idan barci ya yi nauyi. To, dubi yaron da ya kwana yana susa: farcensa ya yi baƙi, zanin gado da ɗigon jini, uwa ta tashi sau ba adadi tana riƙe masa hannu. Magini ya zo da kayan aikinsa, amma kowane lokaci ana korarsa daga kan katanga.

Sai maganar tubali, wato abinci, wadda ta fi damuna. Kaka ta ce a hana shi ƙwai, maƙwabciya ta ce madara ce, wani ya ƙara da gyaɗa da kifi, har yaro ya koma daga koko sai tuwo. Gaskiya ne akwai yaran da wani abinci ke tayar musu da ciwon, amma likita ne zai tantance, ya kuma faɗi abin da za a maye gurbinsa da shi. Jikin da ke ta faman gyaran yaɓe kullum ya fi kowa buƙatar kayan gini, ina dalilin rufe masa hanyar kawo su?

Magani ma yana da nasa tasirin. Mai sauƙi irin hydrocortisone, idan an shafa yadda likita ya ce, ba abin tsoro ba ne, barin yaro cikin ƙaiƙayi ya fi shi illa. Abin gudu shi ne man nan mai ƙarfi na kemis, wanda wasu ke bilicin da shi, a mulke jariri da shi wata da watanni, ko ƙwayar dexamethasone da ake ba yaro ba tare da likita ba. Wannan sallamar magini ce baki ɗaya.

Wasu yaran sukan makara wajen balaga, sa'anninsu su wuce su, daga baya su miƙe su kamo tsayin gidansu. Kafin nan, a shafe su da man kaɗanya ko basilin da an fito wanka, jiki da sauran danshi, a yanke farce, a riƙa jan layin tsayinsu a bango. Daga shekara 4 zuwa balaga, yaro kan ƙaru da kamar santimita 5 ko 6 a shekara. Idan layin ya tsaya wuri ɗaya, a ɗauki katin awo a nufi asibiti.