Kuɗin talla daga shafin intanet: abubuwan da ɗan Tsarnawa ya kamata ya sani

Daga Birnin Konni zuwa Malbaza, da wuya ka sami matashi mai babbar waya da bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba: buɗe shafi, zuba rubutu, Google ya riƙa biyanka kana ɗaki. Maganar tana da tushe. Tun 2003 Google ke tafiyar da tsarin AdSense, inda yake ɗora tallace-tallace a shafukan mutane su raba kuɗin, kuma akwai masu ci da iyalinsu da shi. Sai dai masu bidiyon ba a jihar Tawa suke zaune ba, kuma abubuwan da za su fi tare wa ɗan nan hanya ba sa shiga bakinsu.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Daga aljihun mai talla. Duk lokacin da wani ya buɗe shafinka, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjon gurbin tallar, wanda ya fi tayi ya samu. Google ya cire rabonsa, mai shafi ya tashi da kimanin kashi 68 cikin 100 na abin da aka biya ta Google Ads. Tun farkon 2024 kuma ana lissafin ne da yawan nuna tallar, ba da yawan latsa ta ba.

Mai talla yana zuba kuɗi gwargwadon abin da yake sa ran mai karatu zai saya. Mutumin Faransa ko Kanada da ke neman inshorar mota, rububinsa ake yi. Mai karatu a Tsarnawa kuwa, kamfanonin da ke nemansa ta Google kaɗan ne, saboda haka gwanjon ba ya zafi. Mu ɗauka, don lissafi kawai, duk buɗewa 1,000 tana kawo dalar Amurka ɗaya. Google ba ya biya sai kuɗin sun taru sun kai dalar Amurka 100, ko yuro 70 ga asusun yuro, wato kusan jikka 46 na sefa. A wannan lissafi sai an buɗe shafukanka sau 100,000 kafin ka ga biyan farko. Wanda ya yi wannan lissafi tun daga gida ba zai bar gonarsa ko shagonsa saboda shafin da bai yi wata uku ba.

Hausa ba ta cikin harsunan AdSense

Wannan shi ne babban abin da masu sayar da darasi ke ɓoyewa. Google yana da jerin harsunan da ya yarda a ɗora tallarsa a kansu. Faransanci na ciki, Ingilishi da Larabci na ciki, har da harsunan Indiya irin su Tamil da Telugu. Hausa ba ta ciki, kuma ƙa'idar ta hana sa tallar a shafin da akasarin rubutunsa ke cikin harshen da ba ya jerin.

Abin yana ci mini rai. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ke aiki da Hausa. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Miliyoyin mutane ke saye da sayarwa da ita daga Agadas zuwa Kumasi. Duk da haka marubucin Hausa ba shi da ƙofar shiga wannan kasuwa da harshensa.

Dabarar da ake yawan ba mutane ita ce su cika shafi da Ingilishi har a amince da shi, sannan su juya zuwa Hausa. Mai yin haka yana gini ne a filin aro: ranar da aka duba, tallar za ta tsaya, wahalar wata da watanni ta tafi a banza.

Hanyoyin da suka rage uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Wanda ya yi lakwal zai iya rubutu da Faransanci, ya shiga AdSense ta ƙofar gaba. Akwai kuma wasu kamfanonin talla da ba ruwansu da harshe, amma biyansu ya fi ƙanƙanta, kuma sau da yawa tallar caca da hotunan rashin kunya suke turowa, abin da zai zubar wa mutum da mutunci a garin da kowa ya san gidansu. (A AdSense aƙalla kana iya toshe rukunin caca da giya da neman abokan soyayya.) Ta uku, wadda nake ganin ta fi dacewa da shafin Hausa, ita ce ka nemo masu tallarka da ƙafarka: dilan taki da iri, mai sayar da injin ban-ruwa, mai kayan sola, makaranta mai zaman kanta, kamfanin motocin fasinja. Ku yi ciniki na wata, ya turo maka ta Nita ko Amana. Babu jiran dalar Amurka 100, babu mai raba kuɗin da kai, kuma mai tallar ya san ainihin mutanen da ke karanta ka.

Me za ka rubuta?

Abin da ka sani wanda intanet ba ta sani ba. Tsarnawa tana kan mararraba, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Gabas kaɗan ga Malbaza da Galmi, garin da albasarsa ta yi suna har ake kiran irin da sunansa. Yamma ga Konni da iyakar Illela ta Najeriya. Motocin albasa na fita daga yankin nan zuwa Kwatano da Abijan da Gana, inda tun 2021 aka mayar da kasuwar albasar Akra daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. Ɗan kasuwar da ke can yana son ya san nawa buhu ya kwana a Galmi, yaushe sabuwa za ta fito, yaya ta rudu, wato ta ajiya, take bayan zafi ya yi zafi. Mai shiga Sakkwato yana son canjin naira da sefa na yau. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da rufewar 2023 zuwa Maris 2024, tambayar da ke bakin kowa ita ce ko an buɗe, ko mota na wucewa.

Irin wannan bayani shi ne jarinka. Idan ka rubuta shi da Faransanci, mai saye a Abijan zai karanta, harshen yana cikin jerin, kuma masu talla sun fi yawa a can. Idan da Hausa ne, manomi da dillali da direba za su karanta, su ne kuma mutanen da dilan taki ke nema.

Kwafar labaran BBC Hausa ko RFI ba za ta kai ka ko'ina ba. Shafin kwafe AdSense ba ya karɓarsa, ga haƙƙin masu shi. A Maris 2024 Google ya tsaurara ƙa'ida a kan shafukan da ake cikawa da tarin rubutu don kawai a hau saman bincike, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Daga Mayun 2024 kuma ya fara ɗora amsar basirar na'ura a saman sakamakon bincike, ta yadda mai tambayar da kowa ya san amsarta ba ya ma buƙatar shiga shafin kowa. Farashin kasuwar jiya kuwa, sai wanda ya je ya tambaya.

Gyaran shafi don a same shi

Ka sa wa kowane rubutu take da kalmomin da mutane ke bugawa idan suna nema, kowane rubutu ya amsa tambaya ɗaya, ka sa kwanan wata a duk abin da ya shafi farashi. Ka rage nauyin hotuna, domin masu karanta ka da waya suke shigowa, rezo kuma ba kullum yake da ƙarfi ba. Google ma da fuskar waya yake auna shafi. Ka yi rajista da Search Console, kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da suka kawo mutane wurinka. A watannin farko yawancin baƙinka daga WhatsApp da Facebook za su zo. Bincike yana zuwa daga baya, idan wasu shafuka sun fara nuni da naka.

Kayan aiki

Blogger kyauta ne, kuma da waya ma ana iya farawa, ko da yake kwamfuta ta fi sauƙi. Sunan shafi na kanka yakan ci dalar Amurka 10 zuwa 15 a shekara, sai da katin banki irin Visa. WordPress yana buƙatar kuɗin masauki a kan wannan. Layi kuwa, gwada Airtel da Moov da Zamani a ɗakin da za ka yi aikin kafin ka zaɓa. Starlink ya shigo Nijar a 2025, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai farawa. Ga batun kuran: duk da tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, wanda ya ga abin da ya faru bayan Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ba sai an gaya masa ya tanadi ƙaramin sola da batir ba.

Yadda kuɗin ke isowa

Sai ka cika shekara 18, kuma sunan da ke asusun ya yi daidai da na katin shaidarka. Idan kuɗin suka kai dalar Amurka 10, Google zai aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya don ya tabbatar da adireshinka, saboda haka ka nemi akwatin gidan waya tun da wuri. Ka buɗe asusun banki da sunanka. Kuɗin da suka kai ƙa'ida ana tura su tsakanin 21 da 26 ga watan da ya biyo baya.

Abin da ke rufe asusu, da abin da ke kai mutum kotu

Kada ka latsa tallarka, kada ka roƙi ƙanne da abokai su latsa, kada ka shiga zaurukan "latsa mini in latsa maka". Google yana gane wannan, yakan rufe asusu ya mayar wa masu talla kuɗinsu. Haka sayen baƙin bogi. Masu sayar da asusun da aka riga aka amince da shi kuwa, sunan wani ne a kai, kuma shi ke da ikon kuɗin a ranar da suka taru.

Abin da ke kai mutum kotu ya fi rufe asusu nauyi. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a Yunin 2024 an yi mata gyaran da ya dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a. Jita-jita tana jawo masu karatu da sauri, musamman ta iyaka da ta tsaro. Kafin ka rubuta cewa an rufe hanya ko an kama wani, ka kira wanda ke wurin ya tabbatar maka, ka kuma ajiye shaidar.