Yadda Ake Gane Miyagun Ciyayi a Ƙasar Bunkure da Kura

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu ga ciyayi uku masu ɓarna a ƙasar nan da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974.

1. Ƙuduji, watau wuta-wuta. Ganyensa siriri ne mai kaushi, furensa ruwan hoda, jere bisa kan kara. Yana manne wa saiwar dawa da gero ya tsotse su. Irinsa yakan fi shekara 10 a ƙasa bai mutu ba.

2. Duman rafi. Yana yaɗo a bakin ruwa, ganyensa mai faɗi, furensa kamar mazurari. Tumakin da suka ci shi da yawa sukan kama makyarkyata.

3. Kacala. Takan fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Ita ke toshe magudanan ruwa, jan-baki kuma su sami mafaka.

Lalle ne a umurci Dagatai su gargaɗi talakawa su tuge ƙuduji da zarar ya yi fure, su ƙone shi. Wanda ya bari irin ya zuba, ya shuka wa maƙwabcinsa asara.