Ciwon daji: abin da ya kamata ku sani kafin ku kama hanyar gida

Idan ɗan'uwa a Onitsha ya ji ƙullutu a jiki, ko matarsa ta ji ƙari a mama, shawarar da aka fi ba shi ita ce ya nufi tashar Upper Iweka ya tafi gida a nemi na gargajiya, wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta ci rayuka da yawa, domin watannin da ake ɓatawa wajen jiƙe-jiƙe da sakiya su ne lokacin da ciwon yake jin magani.

Matakin farko gwaji ne. Likita zai ɗebi ɗan nama daga wurin a duba, a gane irin dajin da kuma inda ya kai. Asibitin koyarwa na Nnewi bai yi nisa da Onitsha ba.

Idan bai bazu ba, tiyata ce kan gaba, a cire shi tun yana wuri guda. Sai kemo, maganin da ake ɗaurawa kamar ƙarin ruwa, galibi duk bayan mako 3. A nan mutane suka fi karaya. Suma tana zubewa, ga tashin zuciya, ga kasala, sai dangi su ce asibiti na ƙarasa shi. Sumar za ta dawo, akwai kuma maganin amai. Wanda ya tsaya a zagaye na 2 don ƙarin ya motse, ciwon na iya dawo masa. Akwai kuma gashi da na'ura, 'yan mintoci kullum na tsawon makonni, ana yin sa a asibitin koyarwa na Ituku-Ozalla kusa da Enugu, da na Shika a Zariya. Wasu masu sankarar mama kan ɗora da ƙwayar tamoxifen shekara 5.

Kuɗi ne babban tarnaƙi. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitocin Ituku-Ozalla da Shika suna cikin tsarin. Amma kada tsada ta kai ku sayen maganin daji a kasuwa. A 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta Bridge Head da ke Onitsha saboda jabu.

Sarakunan Hausawa da limamanmu, don Allah a riƙa faɗin wannan a masallatai, a kuma haɗa wa maras lafiya kuɗin gwaji kafin kuɗin mota.