Shin Ko Kun San? Kukan Tsohuwar Kwamfuta Magana Ce

Da yawanmu idan muka kunna tsohuwar kwamfutar tebur, muka ji tana "tit, tit, tit" allo kuma baƙi ƙirin, sai mu ce ta mutu. Ba ta mutu ba, tana faɗin inda ke mata ciwo ne.

Shin ko kun san kafin kwamfuta ta nuna komai, wata 'yar manhaja mai suna BIOS ce ke bin kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa? Idan matsala ta hana allo haskawa, ba ta da bakin faɗa sai ƙaramar sifikar da ke ciki. Tun kwamfutar IBM ta 1981 ake wannan. A yawancin injuna, ƙara ɗaya gajera tana nufin lafiya lau.

Shin ko kun san kowane kamfani da yarensa? A BIOS ɗin AMI, gajeru uku na nuna matsalar RAM, shida na nuna sashen da ke kula da kibod, takwas kuma ɓangaren hoto. A na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu katin hoto ne. Don haka kafin ku taɓa komai, ku ƙirga ƙarar, ku rubuta.

Shin ko kun san maɓalli ɗaya da ya maƙale ya isa ya tayar da hankali? BIOS na ajiye haruffa 15 ne kawai a layi. Idan littafi ya danne kibod, ko ɓurɓushin biredi ya toshe maɓalli, layin ya cika, sai ta yi ta ƙara ba tsayawa. Tsoffin injunan IBM lamba 301 suke nunawa idan kibod ne ya samu matsala.

Shin ko kun san fitilu ukun da ke saman kibod shaidu ne? Da an kunna kwamfuta sukan yi walƙiya tare, alamar wuta ta iso. Idan kun danna Num Lock fitilarsa ba ta amsa ba, ko dai kibod ne, ko injin ya daskare.

Shin ko kun san zagayayyen bakin nan mai fil shida, wato PS/2, IBM ta fito da shi a 1987? Mai launin shunayya na kibod ne, kore na maus, kuma sauya su kaɗai kan hana aiki. Ba a zare shi ko a soka shi kwamfuta tana kunne. A kashe tukuna, a duba ko wani fil ya lanƙwashe.

Shin ko kun san wasu tsoffin injuna ba sa jin kibod mai USB kafin Windows ya tashi, sai an kunna masa izini a cikin BIOS? Shi ya sa mai gyara na gari ke ajiye tsohon kibod mai zagayayyen baki.

Shin ko kun san batir ɗan mitsitsi mai kama da kwabo, CR2032 mai volt 3, shi ke riƙe agogon kwamfuta? Idan ya ƙare, kwanan wata ya koma baya, ta dinga cewa a danna F1 kullum.

Shin ko kun san ƙurar hunturu kan kwanta a bakin RAM ta hana shi haɗuwa? A cire fulogi daga soket, a taɓa ƙarfen akwatin, a zare RAM ɗin, a goge gefensa mai ruwan zinare da kilina, a mayar da shi har ya zauna daram. Sau da yawa gyaran ke nan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kwamfutar da ba ta ce uffan ba. Shiru ma magana ce: sai a duba akwatin wuta, madabod, ko kuma babu sifika a ciki. Amma wadda ta yi kuka, da sauran rai a jikinta. Ku saurare ta kafin ku kai ta bola.