Rubu'i da sumuni, wanne ya fi girma?

A shekarun 1980 kamfanin A&W ya fito da boga mai ɗauke da nama sulusin laba, don ya kara da ta McDonald's mai rubu'in laba. Kuɗinsu ɗaya, naman A&W ya fi yawa, amma kasuwa ta ƙi. Mai kamfanin na lokacin, Alfred Taubman, ya faɗi dalili a littafinsa na 2007: da aka tambayi masu saye, da yawansu suka ce 1/3 bai kai 1/4 ba, tunda uku bai kai huɗu ba. Manya ne fa, masu kuɗi a aljihu.

To, daidai nan yaranmu ke cin tuntuɓe a makarantun New York. A manhajar jihar, ɗan aji uku, wanda bai wuce shekara 8 ko 9 ba, zai kwatanta kasonni biyu masu lambar sama iri ɗaya ko lambar ƙasa iri ɗaya, kamar 1/4 da 1/8. A aji huɗu sai a haɗa shi da irin su 3/8 da 5/6, inda sama da ƙasa duk sun bambanta. Daga aji ukun ne kuma ake fara jarrabawar lissafi ta jiha. Abin bai tsaya a jarrabawa ba. Binciken da Robert Siegler da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, kan yaran Amurka da Birtaniya, ya nuna cewa yadda yaro ya fahimci kaso da rabawa a firamare yana haska yadda zai yi a aljabara idan ya kai sakandare.

Ni tasi nake tuƙawa, kuma a filin da muke jiran layi a tashar jirgin JFK, inda mutum kan shafe awa biyu ko uku, hirar aikin gidan yara ba ta yankewa. Wata rana wani dattijo ɗan Maradi ya miƙo mini wayarsa. Hoton takardar 'yarsa ce, ta rubuta 1/8 ya fi 1/4, malama ta ja jan biro.

“Malam, ni Faransanci na taɓa, shi ma ɗan kaɗan. Wannan ya fi ƙarfina.”

Na ce, “Alhaji, idan mutum ya rasu bai bar ɗa ba, nawa matarsa ke samu?”

“Rubu'i.”

“Idan ya bar ɗa fa?”

“Sumuni. Ai sai rabonta ya ragu.”

Sai ya yi shiru yana kallon wayar, can ya fashe da dariya.

Kalmomin nan muna da su tun kafin zuwan boko: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushuri. Yawancinsu daga Larabci suka shigo, ta hanyar rabon gado da zakka. Manomin da bai taɓa riƙe biro ba ya san ushuri zai fitar idan noman damina ne, rabin ushuri idan ban ruwa ya yi da wahalarsa. Iyayenmu da suka kashe kuɗin da aka daina a Najeriya a 1973 sun san sisi rabin sule ne, taro kuma rubu'insa. Har kwatar da muke cewa a “ƙarfe uku da kwata” ita ce kwatar da yaro ke riƙewa a hannu a nan, santi 25, rubu'in dala.

Sai dai ban yarda a zauna a haddatar wa yaro sulusi da sudusi kamar karatun allo ba. Ga wanda aka haifa a Bronx, sumuni sauti ne kawai, ba ya jin takwas a cikinsa. Abin da ya fi aiki shi ne doguwar hanyarmu ta faɗa: kashi ɗaya cikin takwas. Jimlar da kanta tana bayani. An raba abu gida takwas, ka ɗauki ɗaya. Kalmomin Turancin da ake kiran lambar sama da ta ƙasa da su daga Latin suke, ko 'ya'yan Turawan ma sai an fassara musu. A gida sai a ce masa ta ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba, ta sama tana faɗin nawa ka ɗauka. Idan wannan ya zauna, sunan Turancin zai biyo baya ba tare da rigima ba.

Kayan aikin ma suna kan tebur. Babbar fiza ta New York gida takwas ake yanka ta, kowane yanki sumuni ke nan. A tambayi yaro: mutum huɗu ne za su ci, ko takwas, a ina za ka fi ƙoshi? Ban taɓa ganin yaron da ya faɗi wannan ba. Daga nan a matsa zuwa 3/4 da 7/8. Kada a yi gaggawar koya masa dabarar ninka wannan da wancan, a tambaye shi abin da ya rage kowanne ya cika. Na farko saura rubu'i, na biyu saura sumuni. Wanda ya rage kaɗan shi ne babba. Ga ɗan aji huɗu kuwa, rabi shi ne ma'auni: 3/8 bai kai rabi ba, 5/6 ya wuce, magana ta ƙare.

Akwai tarko ɗaya da manhajar ma ta ja kunne a kansa. Kwatancen ba ya yiwuwa sai abin da aka raba ɗaya ne. Sumunin fiza ya fi rubu'in waina nesa ba kusa ba, kuma yaro mai wayo zai kawo maka wannan hujjar. Idan ya kawo, ya yi gaskiya. Sai a ɗauko waina biyu daga tanda ɗaya, a yanka ɗaya gida huɗu, ɗaya gida takwas, a ajiye masa su gefe da gefe.